Surukina da Ƙofar da Ban Buɗe Ba

Hannuwansa na fara gani. Ina budurwa a lokacin, ina cikin keke napep za ni makaranta, littafin soyayya buɗe a kan cinyata, muka tsaya a unguwar Kakuri a Kaduna direba yana kiran fasinja. Da na ɗaga kai sai na hango wani tsoho siriri a ƙofar wani gida, daga shi sai farar singileti da wando. Ya ɗaga hannuwa sama, ya sauke, ya karkata hagu, ya karkata dama, bakinsa yana motsi kamar mai ƙirga wani abu. Matar da ke gefena ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Da ganinsa mutumin kirki ne kafin abin ya same shi." Kafin mu isa unguwar Television na gama tsara masa labari a raina: wata kyakkyawa ce ta yaudare shi yana saurayi, shi ne har yau yake miƙa mata hannu. Bayan shekara biyu, da aka kai ni gaisuwa gidan su wanda na aura, na tarar da tsohon nan zaune a kan tabarma, 'ya'yansa suna ce masa Baba.

Baba ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a kan benci, a garejin maƙwabcinsa. Bai yi jinya ba. Ko ciwon kai bai ce yana yi ba.

Lokacin da muka iso daga Barnawa ni da mijina, gidan ya cika, amma ba kuka aka fi yi ba. Mutane sun yi cirko-cirko suna kallon juna. Wasu da suka ji an yi rasuwa a gidan sun taho ne da tabbacin ƙaninsa ne, Kawu, mai sayar da atamfa, wanda ya daɗe yana shiga asibiti yana fita da hawan jini. Wata tsohuwa ta shigo zaure tana salati, ta yi arba da Kawu zaune a kujera, tumbinsa a gaba, yana karɓar gaisuwa. Ta ja da baya ta dafa bango.

"Alhaji, kai ne?"

"Ni ne, Hajiya," in ji Kawu. "Ni ma tun ɗazu abin da nake tambayar kaina ke nan."

Mai garejin, wani makanike Ibo da suka shekara talatin katanga ɗaya da Baba, ya shigo har tsakar gida da baƙin mai a hannunsa. Duk wanda ya tare shi, magana ɗaya yake maimaitawa. "Ya dawo daga tafiyarsa, ya zauna, ya ce mini, Oga ba ni ruwa. Har ya tsokane ni, ya ce cikina ya riga ni fitowa daga shago. Na juya in ɗauko ruwan. Na dawo, shi ke nan. Ruwan yana hannuna." Sai ya dubi hannun nasa.

Kafin azahar mata sun gama yanke hukunci. Goggo, ƙanwar Baba da ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, ita ta fara. "Tafiyar nan ce ta kashe shi. Na sha gaya masa, tsoho zama yake yi. Mutum ya doshi tamanin yana yawo a ƙasa kamar wanda ba shi da 'ya'ya masu mota."

"Wai ina ma yake zuwa haka kullum?" wata ta tambaya.

"Wa ya sani? Watannin nan dai ya ƙara nisa. Sai ya fita bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai rana ta ɗaga."

Na sunkuyar da kai cikin mayafi. Ni na san inda yake zuwa. Da safiyar ranar ma na gan shi.

Da maza suka dawo daga maƙabarta sai wani labari ya biyo su. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce jikinsa kamar na ɗan shekara hamsin. Amma mijina, babban ɗansa, da ya sa kafaɗa a makara, bai kai ƙarshen layi ba numfashinsa ya sarƙe. Sai da aka karɓe shi aka zaunar da shi a bakin wani shago, aka wuce da gawar mahaifinsa yana kallo. A keke ya ƙarasa maƙabartar. Na zaci wannan zai girgiza shi. Amma ranar sadakar uku, da ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ta ce masa ya zo asibiti a duba jininsa, sai ya ce, "Baba ya shekara arba'in yana ɗaga hannu yana saukewa. Ga Kawu can yana cin tsire. Ku ƙyale ni."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Na ga ana shirin binne maganar Baba tare da shi, kuma da hannuna a ciki.

Baba ma'aikacin masaƙa ne. Ya zo Kaduna yana matashi, ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri inda Japanawa ke kula da injuna. Ya ce kowace safiya, kafin a tada inji, sai a jera ma'aikata a fili, a sa wani kiɗa a lasifika, a yi ta miƙe hannu da lanƙwasa baya. Abokansa suna yi suna dariya, wasu suna ɓuya a bayan bandir na auduga. Shi ma da farko dariyar yake yi, har ranar da ya ga shugaban sashensu, wani ɗan Japan da ya haife shi a shekaru, ya hau tsani da gudu ya sauko yana ba da umarni, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Daga ranar ya daina dariya. Masaƙar ta rufe, Japanawa suka koma ƙasarsu, ciyawa ta cinye filin, amma Baba bai fasa ba. Kiɗan ma a bakinsa yake yi, shi ne motsin leɓen da na gani daga cikin keke.

Sun ci gaba da wasiƙa da shugaban nasa har tsufa. A wata wasiƙar ne mutumin ya gaya masa cewa yanzu a ƙasarsu, in babba ya je duba lafiya, har ƙugunsa ake aunawa, domin likitocinsu sun ce kitsen ciki ba kwance yake kawai ba. Baba ya riƙe wannan magana ya mai da ita irin tasa. "Ku kuna zaton kitse kaya ne a sito," yakan ce. "Ba kaya ba ne, ma'aikaci ne. Sashe guda ne a masaƙar jiki, dare da rana yana aika saƙo cikin jini. In ka bar shi ya yi yawa, sai ya fara aika saƙon banza. In kana motsa jiki, sai ya shiga hankalinsa." Wani abin da yake yawan faɗa kuma shi ne, "Kada ka tambayi sikeli, tambayi numfashinka." In baƙo ya ce masa lafiyarsa ƙalau, sai ya ce to su taka zuwa bakin titi suna hira, ya ji.

Kawu ba ya barin wannan ta wuce. "Yaya, kai da ka yi aiki da masu kuɗin duniya, ka fito kamar sandar rake da aka tsotse. Mutane cewa suke ba ma kula da kai."

"Kai kuma in ka sunkuya ɗaura takalmi, sai an kira maka taimako."

"Shi ya sa nake sa silifa."

Haka suke tun ina amarya, kuma ba su taɓa rabuwa ba dariya ba.

Yana da wani dogon ƙyalle, gefen atamfa da ya taho da shi daga masaƙa. Kowace Sallah, in 'ya'yansa maza sun zo gaisuwa, sai ya zagaya shi a cikin kowa ya ƙulla alama. A nan ne ni da shi muka saɓa.

Ni na shiga gidan miji da abin da na karanta. A littattafan da nake saya a kasuwa, mace tana nuna so ne da girki. Ango yana shiga gida siriri, bayan wata shida ya fito kumatu sun cika, abokai suna tsokanarsa, dangi suna sa wa amarya albarka. Haka na yi wa nawa. Shayi mai kauri da soyayyen ƙwai da fanke da safe. Farfesun kan sa. Tuwon shinkafa da man shanu yana kwance a kan miya. Yana aikin ofis, mota ta kai shi ta dawo da shi. A shekara uku sai da aka sake masa ɗinki gaba ɗaya, ni kuwa duk bikin da na shiga kaina a sama yake. Goggo takan kama hannuna ta ce wa mata, "Ku dubi ɗana. Wannan yarinya ta san abin da ta zo yi."

Kowace Juma'a nakan aika wa Baba abinci a kwanon samira. Kwanon yakan dawo a wanke, amma a ciki akwai ɗan ƙunshin takarda. Da na buɗe na farko, sai na ga kitsen naman ne, ya tsince shi tas ya naɗe mini. Ba saƙo, ba magana. Suruki ba ya zama ya yi wa matar ɗansa faɗa, ni ma ko sunansa ba na faɗa, ko ido ba ma haɗawa. Da ƙunshin nan muka yi ta gardama shekaru. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na riƙa zaɓar nama mai kitse da gangan.

Amma a cikin kwanon nan dai yake sako mini littafi. Ya ji Goggo tana cewa ba ni da aiki sai karatun soyayya, maimakon ya hana, sai ya riƙa tsayawa wurin mai littattafai a kasuwar Kakuri. Ba ya duba abin da ke ciki. Sau biyu yana sayo mini kashi na biyu na labarin da ban taɓa ganin na ɗayansa ba. Na karanta su haka nan, na ƙirƙiri farkon da kaina.

Sallar da ta zama ta ƙarshe a gare shi, ƙyallen ya kusa kasa zagaye cikin mijina. Ina bayan labule tare da mata, na ji Baba ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Wannan ba ƙiba ba ce, ɗana. Ana yi maka hidima ne har za a kai ka kabari." Goggo ta ce, "Haba Yaya, yarinyar tana ji." Ya ce, "Na sani."

Na yi kuka a mota har Barnawa. Na ce shekara tara ina tsaye a gaban murhu, sakamakona ke nan. Mijina ya lallashe ni, ya ce tsufa ne. Na daina aika kwano.

Bayan sati biyu, da sassafe, na ɗaga labulen kicin zan ɗora shayi, sai na hango shi. Yana tsaye a ƙetaren layi, jikin wata bishiyar mangwaro, daidai ƙofar gidanmu, hularsa a hannu. Daga Kakuri ya tako. Ashe ya gaya wa ɗansa cewa zai riƙa zuwa kowace safiya, in ya shirya ya fito su taka tare, ko zuwa ƙarshen layi ne. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya tsaya kamar rabin awa, ya mai da hularsa, ya juya.

Mijina yakan koma barci bayan sallar asuba. Da na shiga na taɓa ƙafarsa na ce ga Baba a waje, kunya kaɗai ta isa ta fitar da shi. Ban yi ba. Na saki labulen na fasa ƙwai. Washegari ma haka. Na gaya wa kaina cewa mutum ya gaji, yana bukatar hutu, kuma mace ta gari ba ta tashin mijinta. Gaskiyar ita ce ina jira tsohon ya gaji ya bari, in ci nasara. Wata huɗu yana zuwa. In an yi ruwa yakan zo da leda a ka. Ranar Talatar nan ya ɗan jima fiye da kullum, har na ga ya dafa bishiyar. Na tsaya da cokali a hannu ina cewa a raina, in ya ƙara minti biyar zan buɗe in kai masa kujera. Bai ƙara ba.

Ba na cewa tafiyar ce ta kashe shi. Na tambayi ƙanwar mijina, ta ce zuciyar mai shekaru irin nasa tana iya tsayawa yana kwance a gado, kuma ba don motsin da yake yi ba, mai yiwuwa da tuni ya daɗe a kwance ana juya shi. Ta ce abin da yake faɗa a kan kitse ma ba tatsuniya ba ce. Kitse yana fitar da wasu sinadarai cikin jini, su a asibiti homon suke ce musu. Akwai wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, in kitse ya yi yawa sai ya yi ta kira ba a jin sa. Akwai kuma wanda ke taimaka wa jiki ya sarrafa suga, shi kuwa raguwa yake yi in tumbi ya ƙaru. Ta ce Japanawa sun damu da abin ne domin su ba sai mutum ya yi ƙiba sosai ba ciwon suga ke kama shi, kuma mai motsa jiki, mai dogon numfashi, yawanci nasa sinadaran sun fi zama daidai. "Baba bai san sunayensu ba," in ji ta, "amma ya fi wasunmu aiki da su." Duk na ji wannan. Bai rage mini komai ba, don ni na san a ƙofar wa ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe.

Bayan sadakar arba'in na gaya wa mijina. Yana zaune yana karyawa, na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, har da bishiyar da ya dafa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa saki ma. Ya ajiye kofin, ya dube ni, ya tashi ya ɗauki makullin mota. Sati guda daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Daga baya muka koma kamar da, bai sake tada maganar ba, ni kuma na ɗauka ya rufe ta ne a ransa tare da ni.

Na canza girki. Na rage mai, na daina fanke, na koyi dafa ganye. Sai ya riƙa tsayawa a hanya ya ci abin da ya ga dama. In na ce mu fita mu taka, sai ya ce, "Ke ma kin zama 'yar Japan?" Shekara biyu muna haka. Sannan wani ɗan ƙaramin ciwo ya fito masa a yatsan ƙafa, daga takalmi, ya ƙi warkewa. Da ƙanwarsa ta gani, mota kawai ta kira. Ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa. Aka yanke masa yatsu biyu.

Yau shekara shida da rasuwar Baba. Kawu yana nan da ransa, an daina fita da shi sai a kujera mai taya, kuma har yanzu in ya ga mijina sai ya ce rama ta mai da ɗan nan kamar Yayansa marigayi. Mijina ya zube ƙwarai. A biki mata sukan ja ni gefe su tambaya ko lafiya, Goggo kuwa ta daina kama hannuna. Yana shan magani, likita ya rage masa kaɗan bara. Kowace safiya muna fita ni da shi, yana ɗan ɗingishi, mu zagaya layukan Barnawa kafin motoci su yi yawa. Ban taɓa karanta irin wannan a littafi ba, masoya biyu suna tsallake kwata suna haki, amma ban san wata awa da ta fi mini ita ba.

Kwanan baya muna dawowa, ya tsaya yana mai da numfashi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Maganar nan da kika gaya mini bayan arba'in."

Na ce, "Na'am."

"Kin ɗauka fushi na yi da ke."

Na gyaɗa kai.

"Tagar ɗakin kwana ma tana kallon layi," ya ce. "Idona biyu. Kullum. Ina jin tarinsa in ya iso. Nakan rufe ido in na ji tafiyarki, don kada ki ce in tashi."

Na tsaya a tsakiyar hanya, har wani mai keke ya yi mana oda. Shekara shida ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ashe shi ma yana ɗauke da shi a gefena, a gado ɗaya. Ya goge fuskarsa da hannun riga ya ce, "Mu ƙara zagaye ɗaya." Muka ƙara.

Allah ya yi wa Baba rahama, ya buɗe masa ƙofofin da suka fi tamu, kada ya bar shi tsaye a bakin ko ɗaya.